Harsashi Uku a Kan Buzu

Ranar kasuwar Nafada, bayan la'asar,
Kawu Manu ya shimfiɗa buzu a gindin tsamiya,
ya kwance ƙullin tsumma da haƙori.
Harsashi uku suka gangaro suna ƙyalli.
Ya ce, zaɓi.

Na kai hannu kan dogon, mai tsini kamar basilla.
Ya buge mini yatsa.
Wannan mai taurin kai ne, in ji shi, irinka.
Ya shiga ta nan, ya fice ta can,
ba sallama, ba gaisuwa.
Barewa ta yi tsalle ta faɗa sabara
da huda ƙarama kamar kafar allura,
kai kana murna a bayan gumba,
ita tana ɗauke da ajalinta
zuwa inda wuƙarka ba ta zuwa.

Na ɗauki ƙaton, mai kaurin babban yatsa.
Ya yi dariya har goro ya sarƙe shi.
Gwanki ka gani?
Ko ɓauna ce ta dawo shan ruwa Gongola?
Sakar wa gada wannan,
ka koma gida da kunne da kofato,
Inna Dudu ta ce ina cinyar,
ka ce tana can rataye a ƙaya.

Na ukun ba shi da kyan gani.
Kansa dalma ce tsirara,
farce ma yana yi masa zane.
Wannan, ya ce, mai taushin kai ne.
In ya shiga sai ya buɗe
kamar auduga ran da ta fashe,
ya zauna ciki, ya gama magana.
Yatsa huɗu bayan kafaɗa.
Bisimilla kafin kunama, ba bayanta ba.
Ka iske ta da sauran numfashi,
ka kai wuƙa.

Sai ya yi shiru,
yana murza dogon a tafin hannu.
Shekarar da rijiyar unguwarmu ta ƙafe, ya ce,
da ɗan'uwan wannan na harbi wata.
Kwana biyu ina bin jini:
ɗigo a ganyen kalgo,
ɗigo a yashi,
wani wajen da ta kwanta ta tashi,
ta kwanta ta tashi.
A bakin mashaya ungulaye suka riga ni.
Ba asarar naman ke cina ba, yaro.
Kwana biyun nan nata,
su nake biya har yau.

Na biya shi da mudun riɗi biyu.
Da asuba na haye kogi a jirgin Barde,
raɓa har gwiwa,
harsashin a aljihu yana ɗumi kamar ƙwai.

Inda ya kwatanta mini sabara
gonar riɗi na tarar.
Gaba kaɗan buhunan gawayi a jere
suna jiran mota.
Na bi wani sawu har rana ta take,
ya kai ni ga akuya da ƙararrawa a wuya.

Rani uku ina wannan hanya.
Kawu Manu ya rasu bara, tsakiyar damina,
bai ci tsokar da na yi masa alkawari ba.

Harsashin yana nan cikin gwangwanin tumatir,
can bisa katanga inda yara ba sa kaiwa.
Tagullar ta yi kore.
Zanen farcena yana nan a kansa.

Jiya Bappayo ya gan ni ina goge shi,
ya ce, Baba, na mene ne?
Na ce, na barewa ne.
Ya ce, mece ce barewa?

Na ɗaga hannu in nuna masa tsayinta,
nan, daidai ƙuguna.
Ya kalli hannun,
ya kalli ƙarƙashin hannun,
yana jira.